Gidan Da Mai Labule Ya Saya A Hoto

Akwai wani mutum da duk garinsu ke kira Mai Labule. Sana'arsa ce ta ba shi sunan, har wasu abokan cinikinsa ba su san yana da wani ba. In mai hali ya gama gini, shi ake nema. Ya zo da tef rataye a wuya, ya auna tagogi, ya zaɓi yadi, bayan 'yan kwanaki ya dawo da ma'aikatansa su kafa tsani su rataye.

Shagonsa yana gaban gidan da mahaifinsu ya bari. Kekunan ɗinki a jere, teloli maza da mata, bandir-bandir na yadi an jera har rufi. Ta bayan shagon akwai wata 'yar ƙofa da ke fita tsakar gida, kuma a nan yayarsa take zaune tun da mijinta ya rasu.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita ta raini Mai Labule bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta fara ɗora ƙafarsa a kan keke tun ƙafar ba ta gama kaiwa ba. Duk telolin shagon Yaya suke ce mata, yadda shi ma yake ce mata. Kalmasar hannu tata ce. Labule ba ya fita daga shagon sai ta bi gefensa da yatsa ta ce ya yi.

Shi kuwa yana wani gidan haya a ɗaya ɓangaren gari da matarsa da 'ya'yansa. Ba ya nema ya rasa. Amma mutumin da kullum yake cire takalmi a ƙofar manya, sannu a hankali zuciyarsa ta fara tambayarsa yaushe za a cire takalmi a tasa ƙofar.

Wata rana yana kan tsani a falon wani attajiri, ya ji shi yana waya, yana maganar gidansa na ƙasar waje. Da ya gama, ya ɗaga kai ya dube shi.

"Kai ma ai ka isa ka mallaki ɗaya, Mai Labule. Kuɗinmu duk wajenka suke tafiya."

Cikin raha ya faɗa, ya miƙa masa wani kati ya wuce. Shi ya manta da maganar kafin ya kai ƙofa. Mai Labule ne bai manta ba.

Katin ya kai shi wani babban otal, inda wani kamfani ke tallar gidaje a wata ƙasa ta bakin teku. A tsakiyar zauren an ajiye ginin a cikin akwatin gilashi, ɗan ƙarami kamar kayan wasan yara, da 'yan bishiyoyi, da wurin wanka, da fitilu a kowace taga. Wani dillali mai kwat da ƙamshin turare ya tarbe shi kamar sun shekara da sanin juna.

"Ranka ya daɗe, ko tushe ba a haƙa ba, shi ya sa farashin yake ƙasa," in ji dillalin. "Ka ba da kafin alƙalami, sauran ka riƙa biya kaɗan-kaɗan yadda gini ke tashi. Kafin a miƙa maka mukulli darajarsa ta ninka. In ka so ka zauna, in ka so ka zuba 'yan haya."

Ya nuna masa wata taga can sama da bakin biro. "Daga nan ba abin da za ka gani sai teku."

Mai Labule ya sunkuya ya ƙura wa tagar ido. Ba ta kai girman farcensa ba, amma har ya fara tunanin yadin da zai dace da ita.

Matsalar ɗaya ce. Kafin alƙalamin ya fi ƙarfin abin da ya ajiye. Ya juya ta nan, ya juya ta can, ya ga hanya ɗaya ce tak.

Ya sami Yaya a tsakar gida, tabarau a kan hanci, labule shimfiɗe a cinyarta.

"Yaya, ina so a sayar da gidan nan."

Ba ta ɗago ba. "Wane gidan?"

"Wannan da muke ciki."

"Da nake ciki dai," ta ce. "To, a sayar a yi me?"

Ya buɗe mata takarda mai sheƙi, ya yi mata bayanin teku da haya da darajar da za ta ninka. Ta saurara har ya gama.

"Ka je ka gani?"

"Ba a gina ba tukuna."

"To me za ka saya?"

"Ɗakuna a hawa na can sama."

Ta cire tabarau ta dube shi. "Wato wani wuri a cikin iska, inda yanzu tsuntsaye ke wucewa, a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba."

Dariya ta kuɓuce wa wata tela da ke kusa da ƙofa, wadda suke kira Gajera. Yaya ce ta koya mata ɗinki, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Sauran ma suka ƙunshe tasu dariyar. Wannan ne ya ƙona masa rai.

"Yaya, ke duniyarki daga wannan ƙofar zuwa waccan take," ya ce, muryarsa ta fita har shago. "Shi ya sa muka tsufa a inda Baba ya bar mu. Ina da rabo a gidan nan, kuma ya fi naki. In ba ki yarda ta lalama ba, zan nemi a raba, kin kuwa san ba a raba shi sai an sayar."

Kekuna suka yi tsit. Yaya ta mayar da tabarau ta ci gaba da kalmasa. Can ta ce, "Kawo takardar in sa hannu. Ba zan tsaya gaban alƙali da yaron da na goya ba."

Bai tsaya nan ba. Da aka sayar, ya ce mata maimakon rabonta ya zauna banza yana narkewa, gara ya zuba shi cikin sabon gidan, ita ma ta zama mai gida a waje. Ta ce ya yi yadda ya ga dama.

Wanda ya sayi gidan bai ɓata lokaci ba, ya kawo katafila ta baje shi, ya tayar da rukunin shaguna. Mai Labule ya kama hayar shago a bakin titi. Yaya kuma ya kama mata ɗaki ɗaya a saman wani bene a ƙarshen gari. Matakalar ba ta da abin riƙewa, tagar kuma tana kallon shagon wani mai walda, wuni ake yi ana walƙiya a bangon ɗakin.

"Na ɗan lokaci ne," ya ce mata ranar da aka kai kayanta.

"Allah ya nuna mana," ta ce.

Hotuna suka fara shigowa wayarsa. Rami, sannan ƙarafa, sannan hawa na farko. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya gani, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Magana in ta yi magana sai ya ce, "gidana na waje." Abokansa suka fara tsokanarsa, in ya iso majalisa su ce a matsa wa maƙwabcin kifi. Shi dariya yake yi, don a ganinsa hassada ce ke cin su.

Abin da dillali bai tsaya a kai ba shi ne, da kuɗin waje ake biya. Kuɗin ƙasarsu kuwa suka shiga faɗuwa. Duk biyan da ya zo sai ya fi na baya nauyi, alhali a takarda adadin bai canza ba. Mai Labule ya fara sayar da kekuna. Ya sallami tela ɗaya, ya sallami biyu, har aka zo kan Gajera.

Ba ta yi masa gardama ba. Ta ce, "Oga, ka sayar mini da keken da nake kai. Ya saba da ƙafata." Ya sayar mata, ta ɗora shi a bayan mota ta tafi.

Ana cikin haka idon Yaya ya fara ciwo. Da farko ta ce gajiya ce. Sai ta fara zuba ruwa a gefen kofi, ta fara karo da bakin gado. Matar Mai Labule ce ta lura, don ita ke leƙa ta, ta kai ta asibiti.

Ta dawo ta same shi a shago yana yanka yadi.

"Baban yara, likita ya ce ruwa ne ya taru a idon yana danne jijiyar gani. Aiki za a yi, kuma da wuri. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a ceci wanda ya rage."

Ta faɗa masa kuɗin aikin. Ya ajiye almakashi.

A satin ne kamfanin ya turo saƙo cewa gini ya kai rabi, biya na gaba ya yi. Wanda ya makara za a soke cinikinsa, kuma mafi yawan abin da ya zuba ba zai dawo ba. Abin da ke hannunsa zai iya ɗaya, ba zai iya biyu ba.

Da rana tsaka ya faka mota a ƙofar banki, ya zauna ciki ya daɗe bai fita ba. Ya tuna hannun Yaya a kan ƙafarsa ranar da ya fara taka keke. Ya tuna kuma majalisa, da irin dariyar da za a yi in aka ji gidan waje ya bi ruwa. Ya ce wa kansa ido ai ba gudu zai yi ba, wata mai zuwa zai haɗa kuɗin. Ya buɗe ƙofa ya shiga banki.

Daga nan ya biya kantin magani ya sayi maganin ɗigawa, ya hau benen.

"Yaya, ki fara da wannan. Da na sauke nauyin nan za a yi aikin."

Ta karɓi ledar, ta shafa kwalbar da yatsa. Tana kallonsa, amma ba daidai fuskarsa ba, ɗan gefe kaɗan.

"Ginin yana tafiya?" ta tambaya.

"Ya kai rabi."

"Madalla."

Wata mai zuwa ya zo da nasa buƙatun. Na bayansa ya zo da sabon saƙo daga kamfani. Mai Labule ya fara jin nauyin hawa matakalar nan. Ya koma aikawa da saƙo, daga baya saƙon ma ya ja baya. Duk sanda matarsa ta ɗauko maganar Yaya sai ya ɗaga mata hannu.

"Ki bari in karɓi mukulli. Don wa nake wannan wahalar in ba don ku da ita ba? Da na zuba 'yan haya, asibitin waje ma zan kai ta."

"Ido zai jira mukulli?" ta ce.

Ya tashi ya bar mata ɗakin.

Lokacin da aka yi alkawarin gama gini ya zo ya wuce. Aka ce kayan aiki sun yi tsada, aka ce gwamnatin can ta canza doka, aka ƙaro wasu kuɗaɗe da bai taɓa jin sunansu ba. Dillalin mai turare ya daina ɗaukar waya. Mai Labule ya rame, shagonsa ya koma shi da keke ɗaya. Amma ya biya har ƙarshe.

Ranar da saƙo ya zo cewa ya je ya karɓi mukulli, ya yi sujada a tsakiyar shago. Ya ɗauko wani yadi mai nauyi da ya daɗe yana ɓoyewa, ya bi awon da ke cikin taswirar gidan, ya ɗinka labule da hannunsa. Ya ninke shi a akwati ya hau jirgi.

Ginin yana nan, ba ƙarya ba ne. Sai dai inda ya ga bishiyoyi a cikin gilashi, wurin ajiye motoci ya tarar. A gaban ginin kuma, tsakaninsa da teku, wani ginin ne ya tashi wanda ya fi shi tsawo.

Wata ma'aikaciya ta hau da shi sama, ta buɗe ƙofa, ta miƙa masa mukulli da murmushi irin na aiki. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna ɗakuna ba ya buƙatar tef. Kallo ɗaya ya yi ya san falon bai kai ɗakin da suke ajiye yadi a tsohon shagonsu ba. Ya taka zuwa taga. Bango ne a gabansa, da injinan sanyaya ɗaki a jere suna ɗigar da ruwa.

"Ina tekun?" ya tambaya.

Ta nuna masa wani layi a yarjejeniyar da ya sa wa hannu. Kamfani na da damar sauya girman ɗaki, kuma bai ɗauki alkawarin abin da za a gani ta taga ba. Hoton talla, in ji ta, misali ne kawai.

Da ta fita, ya buɗe akwati ya ɗauko labulen. Ya ɗaga shi a jikin tagar. Ya fi ta faɗi nesa ba kusa ba, gindinsa kuma ya taru a ƙasa cikin ƙurar siminti. Ya sake shi ya faɗi.

Kwanakin da ya yi a can ya yi su ne yana yawon ofisoshi. Masu neman 'yan haya suka ce masa kusan duk ginin irinsa ne, baƙi da suka saya a hoto, kowa na neman wanda zai shiga. Masu saye suka yi masa tayin da bai kai rabin abin da ya zuba ba. Aka kuma sanar da shi akwai kuɗin kula da gini duk shekara, da mutum a ciki ko babu. Zama ma ba zai yiwu ba, bizarsa ta baƙo ce, kuma gida mai wannan farashin ba ya ba mutum izinin zama.

Ya kulle ƙofar gidansa ya dawo.

Daga filin jirgi bai nufi gida ba. Ya ce wa direba ya kai shi ƙarshen gari. Ya hau matakala ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Baabar? Ai ta daɗe da tashi. Faɗowa ta yi daga matakalar nan, wata gajeriyar mata ta zo ta ɗauke ta."

Ya kira matarsa a waya. "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Sau nawa na buɗe baki ka ce in bari ka karɓi mukulli?" ta ce. "To ka karɓa."

Gidan Gajera ƙarami ne, ɗaki biyu da baranda. Keken da ya sayar mata yana barandar, ita tana kai. A gefenta Yaya ce zaune a kan kujera, da buhun ƙyallaye a gabanta, tana cusa su cikin rigar matashi tana daddannawa da tafin hannu. Idanunta a buɗe suke, suna kallon wani wuri sama da katanga.

Ya yi sallama. Gajera ta amsa ba tare da ta tsayar da keke ba. Hannun Yaya ne ya tsaya.

"Ka dawo lafiya?" ta ce.

Ya durƙusa a gabanta. Ya ciro mukullin ya sa mata a hannu. "Ga shi, Yaya. Ke ma gidanki ne."

Ta jujjuya shi, ta shafa haƙoransa da babban yatsa. "Ashe ɗan ƙarami ne," ta ce, ta miƙa masa abinsa.

Nan hawaye ya ƙwace masa. Ya ce zai sayar da gidan ko nawa ne, zai kai ta duk asibitin da aka ce.

Gajera ta tsayar da keke. "Oga, mun koma wajen likitan. Ya ce da an zo lokacin da ya faɗa, da ido ɗaya ya tsira. Yanzu ba abin da za a yi wa aiki."

Ya kama gefen kujerar. "To ki zo mu tafi gidana. Zan ba ki ɗakin yara. Ni zan riƙa yi miki komai."

Yaya ta girgiza kai a hankali. "Na haddace gidan nan. Na san inda randa take, na san inda ƙasa ta yi tudu. Da ƙyar na koya, ba ni da ƙarfin koyon wani."

"Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe maka tun ina ganin inuwar mutum, don kada in yi ta yawo da nauyi a ƙirji. Amma ba zan sake tashi daga inda nake saboda kai ba."

Ta lalubo ƙyalle ta ci gaba da cusawa. Can ta juya fuskarta wajen keke.

"Gajera, ba a kawo wa baƙo ruwa ba."

Gajera ta tashi ta kawo ruwa a kofin gilashi, irin wanda ake ajiyewa don mutanen da ba na gida ba. Mai Labule ya karɓa da hannu biyu. Ya sha, don ba shi da yadda zai yi.

Har yau gidan yana can a kulle. Bai sami ɗan haya ba, bai sami mai saye da daraja ba, kuma duk shekara yana aika kuɗin kula da shi. Shagon ya rufe, yanzu a ƙarƙashin wani yake aiki, shi ke riƙe tsani. Yana zuwa gidan Gajera lokaci-lokaci. Ana amsa sallamarsa, a shimfiɗa masa tabarma, a tambaye shi iyali, in ya tashi tafiya a ce ya gaida gida.

Darasi: Kada ka rushe abin da kake taɓawa da hannunka don abin da aka nuna maka a hoto, kuma ka karanta kowane layi kafin ka sa hannu. Mafi girma daga wannan, kada burinka ya sa ka ce wa mai buƙatarka yau ya jira gobe, musamman wanda ya ɗauke ka lokacin da ba ka iya tsayuwa ba. Dukiya tana iya dawowa, amma akwai lafiyar da ba ta dawowa, akwai kuma matsayin da in ka rasa shi a zuciyar ɗan'uwa, ko an yafe maka ba za ka sake samunsa ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda biro ke hannunsa yanzu haka.